Abin da Ke Bayan Zalɓe a Fadamar Baba

Zuwa ga ƙanina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan motsawa, amma tana takawa har bakin ƙofa.

Dalilin rubutun nan, mako uku ke nan wani baƙo ya kama ɗakin waje na marigayi Baba. Ya ce shi tsohon malamin makaranta ne, tun da ya ajiye aiki yake bin gari-gari yana ɗaukar hoton tsuntsayen daji. Kyamararsa doguwa kamar taɓarya. Gari na wayewa sai ya nufi fadamar da Baba ya bar mana, ya durƙusa cikin ciyawa har hantsi. Ni kam hankalina bai kwanta ba. Wane dattijo ne zai baro gidansa ya zo shan cizon sauro saboda tsuntsun da ba ci zai yi ba? Ruwa ba ya tsami banza, kuma ka san yadda masu gine-gine suka sa wa filayen bakin ruwa ido. Kawu ma ya ce in sallame shi, wai irinsu ne ke yi wa masu sayen fili leƙen asiri. Sau uku yana zuwa kan maganar, shi da sai mu yi wata ba mu ga ƙeyarsa ba.

Shekaranjiya da na kai wa baƙon abinci, sai na ce ya nuna mini abin da yake ɗauka. Jiki na rawa ya kunna kyamarar. Ga gauraka biyu sun buɗe fukafukai, ya ce shekara huɗu yana neman su. Muna cikin wuce hotunan sai na ce ya tsaya. Zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya, amma can bayansa, gindin tsamiyar da ke kan iyakarmu, akwai mutum uku. Na ce ya jawo hoton kusa. Ɗaya na riƙe da igiyar awo, ɗaya na kafa turke, na ukun kuwa Kawu ne, yana nuni da sandarsa. Baƙon ya ce ai sun sha zuwa suna korar masa tsuntsaye, shi ya ɗauka mu muka turo su.

Ban gaya wa Inna ba, ka san Kawu ƙaninta ne, ciki ɗaya. Shi ma baƙon ban gama sakin jiki da shi ba, amma na sa ya wanko hoton, ga shi cikin ambulan ka gani da idonka. Takardun fadamar suna hannunka. Kada ka ba kowa, ko da an kira ka an ce Inna ce ta aiko. Baƙon ya so tafiya jibi, na ce ya zauna har gaurakin su tashi, kuma ya riƙa ɗauka daga wajen tsamiya.

Ka gaishe da maman yara, da Auta, da takwarata. Inna da Gwaggo suna sa muku albarka.

Ni ce yayarka, mai jiran amsarka da gaggawa.