Ranar da na goge sunan Mama

Zuwa ga ƙanena Costel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Doina da yara, kuma ciwon bayan da ɗaukar bulo ya sa maka a Saragosa, can Sifen, ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Gwaggo Lenuta da ke tashi duk sanda sanyi ya shigo.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce in ajiye aikin ofishin maƙabarta in zo in riƙe muku yara, wai mai shekara hamsin da shida ba ta fara karatun kwamfuta. To, ba zan zo ba, kuma maganar ta ɓata mini rai. Tun da ambaliya ta cinye tsohuwar kwamfutarmu, na sake shigar da kaburbura dubu huɗu daga littattafai masu warin danshi. Sai shugabanmu Parvu ya ce za a mayar da komai kan abin da suke kira girgije, wato manyan na'urorin haya a wata ƙasa, wanda bai iya ba kuma ya koma gida ya yanka albasa. Ni yake kallo da ya faɗa. Shekara ashirin da uku ina nuna wa mutane inda nasu suke kwance, shi ko ƙofar yamma bai sani ba.

Na shiga ajin kwamfuta na ranar Asabar a laburare. Makon farko na sha kunya, sau uku ina mance kalmar sirrina. Wani mai gemu a bayana ya ce ko a kawo wa Iya allura da zare ne, na ce ya kawo, da bakinsa zan fara. Malamarmu Ilinca ta koya mana ajiye kwafi a ƙasashe biyu, da raba izini, wannan ya karanta kawai, wancan ya iya gogewa. Daga nan ta ce kada kowa ya cika mata baki da kwafin da bai taɓa gwada dawo da shi ba, kowa ya goge wani abu na gaske ya dawo da shi a gabanta.

Sauran ɗalibai hotunan kyanwa suka goge. Ni na goge Mama, layi na sha bakwai, kabari na tara, domin nata ne kaɗai na san kowane harafi, in an samu kuskure zan gani. Na nemi sunanta, allon ya ce babu. Costel, sai ka ce ranar da muka binne ta. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ban tambayi kowa ba. Bayan minti huɗu sai ga ta, da kwanan watanta daidai, har da ɗan bayanin da na rubuta a ƙasa ranar da ka roƙe ni kana kuka: a bar wa Costel filin da ke gefenta. In na taho raino, wa zai tsare maka shi? Parvu?

Ka gaishe da Doina, da Mirel, da 'yar autarku Anca. Gwaggo Lenuta tana tambaya ko za ka zo addu'ar Mama ta shekara bakwai, ta riga ta sayi alkamar sadaka. Jarrabawata ran sha biyu ga wata ce, addu'a nake so, ba tikitin jirgi ba.

Yayarka,
Viorica