Tanko Ya Ƙunshe Tsire da Ƙamus Ɗina

Zuwa ga Yaya Sule a Jos,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina Yaya Hajara da yara, yaya aiki? Mu nan Kiru lafiya lau.

Bayan gaisuwa, raina a ɓace yake. Ƙamus ɗin Turancin da ka aiko mini, Tanko ɗan Baffa ya ara, ashe yage shi yake yi yana ƙunshe tsire a kasuwar Ƙafin Maiyaki. Ban sani ba sai da aka raba mana maganin irin dawa a gwangwani, da wata jar kalmar Turanci a jikinsa. Na buɗe ƙamus in duba, babu shafin. Sai washegari malamin gona ya gaya mini ma'anarta guba. Kafin nan Inna ta watsa wa kaji irin da muka cuɗa, duk sun mutu, saura kaɗan ta daka ragowar ta dama wa yara kunu.

Da na tuhumi Tanko, cewa ya yi, "Ai takardar Nasara ce."

Ka sa ni a addu'a, Allah ya sanyaya zuciyata kafin mu zauna gaban Baffa ranar Juma'a. Gai da mutanen gida.

Ƙaninka,
Garba