Kibod Mai Ƙas-Ƙas

Litinin, 3 ga Maris

Yau Lauya ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. Shekara ashirin da shida ina buga takardu a wannan ofis, ba a taɓa rufe ƙofa saboda ni ba. Wata yarjejeniyar sayar da fili ce da na buga makon jiya, fili mai lamba 147 ya fito 47. Mai sayen ya kai takardar har ofishin filaye aka juyo da shi, ya zo ya zazzage mana rashin mutunci a gaban mutane.

"Malama, wannan na uku ke nan cikin wata biyu," in ji Lauya. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In aka sake samun kuskure zan koma ɗakin fayil, 'Yar Gayu ta teburin kusa da ni ta hau kujerata. Ɗakin fayil! Ba taga, ba fanka, sai kyankyasai.

Na ce masa laifin kibod ne. Ta saman gilashinsa kawai ya kalle ni.

Talata, 4 ga Maris

Laifin kibod ne mana. Ni da tafireta na koyi aiki, malamarmu tana rufe mana hannu da kyalle. Ido a kan takardar da ake kwafa, kunne a kan inji. Duk harafin da ya faɗa sai na ji shi, wanda bai faɗa ba ma sai na ji. Har yau ba na kallon fuskar kwamfuta, wannan aikin 'yan koyo ne. To ga waɗannan kibod na roba da ofis ke sayowa kwali guda, kana dannawa kamar kana matsa soso, shiru kake ji. Ya haɗiye maka lamba bai ce maka komai ba. Huɗu na kashe a shekara biyu.

Alhamis, 6 ga Maris

Na biya shagon kwamfuta bayan an tashi. Mai shagon ya jera mini kibod biyu. Ɗaya irin namu, ba nauyi, sai ka ce faranti. Ɗayan sai da na sa hannu biyu na ɗaga shi. Ya cire maɓalli guda ya nuna mini: kowanne da nasa ɗan inji a ƙasa, da waya mai tsalle, in ya lalace shi kaɗai za a canja.

"Hajiya, wannan sai dai jikoki su gada. Amma fa kuɗinsa ya sayi wancan goma."

Na ɗora yatsu na buga layi ɗaya. Ƙas, ƙas, ƙas! Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini.

Juma'a, 7 ga Maris

Na roƙi ofis ya saya. Lauya ya ce kowa da irin wannan yake aiki, ba wanda ya mutu.

Asabar, 8 ga Maris

'Yata Auta ta zo daga asibitin da take aiki ko kayan aikin ba ta cire ba. Na gaya mata zan saya da abin da na ware na sabbin labule. Ta kama baki.

"Umma, ki sayi sabo mai araha mana, ki riƙa ɗan duba abin da kika buga. Labulen nan fa har maƙwabta na hango mu ta cikinsa."

Na ce su hango. Muna cikin magana murfin tukunya ya suɓuce mini, sai ta ce wai in ba ta hannuna na hagu ta gani. Tun da yarinyar nan ta zama nas kowa majinyaci ne a wurinta. Na ce ta bari sai ta koma asibiti. Ɗan yatsan nan na ƙarshe yakan yi nauyi da safe, sanyi ne, ba wani abu ba.

Talata, 11 ga Maris

Na saya. Na rungumo shi a mota kamar jariri.

Laraba, 12 ga Maris

Ofis ya san na zo. 'Yar Gayu ta toshe kunne tana dariya: "Anti, kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano!" Na ce ta saba, haka aiki yake kuka tun ba a haife ta ba. Tsohon kibod na cilla shi saman kabad, wayarsa na lilo. Wasiƙa tara na buga kafin azahar, zuciyata fes.

Litinin, 17 ga Maris

Akwai abin da ba daidai ba. Ina cikin gudu sai in ji rami a cikin ƙarar. Ƙas, ƙas, shiru, ƙas. In na tsaya na leƙa, lallai wani abu ya ɓace: lamba ɗaya, ko harafin da ke gefen hagu can ƙarshe. Sau biyar yau. Ashe mai shagon nan mai lahani ya ba ni? Gobe zai san da wa yake yi.

Talata, 18 ga Maris

Na kai masa ina cika ina batsewa. Ya jona shi, ya danna lamba ɗaya sau ashirin a gabana, sau ashirin ta yi ƙas ta fito. Ya ce in zauna in buga yadda na saba. Na buga. Shi kuma ba fuskar kwamfutar yake kallo ba, hannuna yake kallo. Sai ya ce:

"Hajiya, kibod dai lafiyarsa ƙalau."

Na naɗe kayana na fito ko sallama ban yi masa ba. Yaro bai kai ƙanena na uku ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ban buga komai na kirki ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Da kowa ya fita cin abinci na hau kujera na sauko da tsohon kibod. Na jona, na danna lamba ɗaya da manuniya. Ta fito. Na sake, ta fito. Na gwada da ƙaramin yatsan. Yana zuwa wurin, yana taɓawa, amma ba ya kaiwa ƙasa, ni kuwa a raina na danna.

Na ji kunya, na ji tsoro, tsoron ya fi yawa. Wata nawa yana yi mini haka na roba yana rufa masa asiri? Wannan mai ƙaran da na saya don ya wanke ni, shi ne ya tona ni.

Ɗakin fayil dai ba zan je ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na zo da sabon kibod gida. Aikin ƙaramin yatsa na ɗora wa na kusa da shi. Shekara talatin hannu ya saba, yanzu ina lallashinsa kamar mai koya wa yaro tatata. Layi ɗaya sau hamsin. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ta kallo, ta kawo mini ruwan ɗumi a roba ta ajiye. Na tsoma hannun ne kawai don kar ruwan ya huce a banza.

Laraba, 26 ga Maris

Ina riga masinja isa ofis, in yi rabin awa ina gwaji. Gudu ya ragu, wannan kam ba musu. Amma duk inda ramin nan ya zo ina jin sa nan take, in koma in cike. 'Yar Gayu ta ce, "Anti, in kina so in riƙa karanta miki lambobi kina dubawa." Na ce wa ya gaya mata ina so? Ta koma kan aikinta. Yarinyar ba ta da mugun nufi, bakina ne.

Juma'a, 28 ga Maris

Takardar rabon gado, shafi talatin da ɗaya, lambobin filaye sun fi ƙarfin ƙirga. Litinin ake so. Da na gama na tura wa 'Yar Gayu kwafi ba tare da na kalle ta ba. Ta karanta, ina bi da yatsa a fuskar kwamfuta. Kuskure biyu muka kama.

Litinin, 31 ga Maris

Lauya ya zauna da takardar da jan biro har awa biyu. Biron bai taɓa ta ba. Ya fito da kansa har teburina, ya ɗan danna maɓalli guda, ya yi murmushi.

"Ashe ke ke da gaskiya, Malama. Laifin kibod ne."

'Yar Gayu ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Na ce, "Na gode, Yallaɓai." Iyakar abin da ya iya fita ke nan.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Fuskar kwamfutar na ɗan juyo da ita gabana, saboda hasken taga ne. Gobe ƙarfe goma Auta za ta kai ni wurin likitan jijiya, don ta bar ni in huta da mita.

Tsohon kibod na goge shi, na naɗe wayarsa, na mayar da shi kwalinsa. Masinja ya zo zai haɗa shi da kayan zubarwa na ce ya ajiye. Na ɗauki biro na rubuta a jikin kwalin: lafiyarsa ƙalau.