Hular Kwanon da Na Fasa

Umma,

Jiya Kawu ya ce in sayar da wata hular kwano, na ce ba zan sayar ba. Kafin ya zo miki da nasa labarin, ga nawa.

Wata mata ce ta sayi ƙaramin keke na hannu a shagonsa, tana neman wa ɗanta hula. Wadda Kawu ya miƙo mini sai ƙyalli take, amma da na ɗaga soson ciki na ga ta tsage daga goshi har ƙeya. Wani ya taɓa faɗuwa da ita. Na nuna masa, ya ce, "Malama 'yar boko, kanki ne zai shiga ciki?" Na ɗora ta a benci na sa mata guduma a gaban kowa, don na san in na ajiye, gobe wani zai saya.

Ya karɓe makullin shago, ya karɓe keken da nake zuwa makaranta, wai dama aro ne. Shi ya sa na fita kina barci, tafiyar ƙafa ce yau.

Don Allah kada ki je ba shi haƙuri. Na daɗe ina wanke sarƙa da kananzir yana zagina a gaban masu saye, ban taɓa kawo miki ƙara ba. Wannan ce ta ƙi haɗiyuwa.

Ban yi nadama ba, amma ki yafe mini. Ba aiki, ba keke, kuma ƙaninki ya rantse ba zai ƙara tako gidan nan ba muddin ina ciki.

'Yarki