Kabarin Yuk-Tong Ya Cika

Habana, 3 ga Maris 1947

Zuwa ga Dattijo Lam Kai-Wing, mai riƙe da littafin zuri'ar Lam a Toisan.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafafu na ɗaukar ka. Kai, gidan Lam ya yi albarka! An ce a daji aka haifi kakanku, uwarsa na gudun sarki, shi ya sa kuka yi yaɗo kamar kabewa. Nan Habana in ka jefa ɓawon ayaba, kan ɗan Lam zai faɗa. Mai wanki Lam, mai aski Lam, ɓarawon da ya kwashe min albasa bara ma Lam. Suna mai faɗi haka ba zai rasa wurin akwati ɗaya ba.

Ni ne Mak Sau, wanda ya yi shekara ashirin a rumfar kayan miya ɗaya da ƙanenka Yuk-Tong. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa. Mun tono shi, mun wanke ƙashin da giyar shinkafa, mun jera a akwatin kwano. Jirgin da ke mayar da ƙasusuwa gida zai tashi a watan Satumba. Matsalar ɗaya ce: takardar shiga ƙasa da ka saya masa ta wani Chiu ce, don haka Chiu aka rubuta a akwatin. Ƙungiyar 'yan Lam ta nan ta ce ba ta ɗora shi sai da layi biyu daga hannunka, cewa naku ne. Ɗansa Evaristo na gaishe ka.

Naka da ladabi,
Mak Sau

Toisan, 20 ga Afrilu

Zuwa ga Mak Sau.

Bayan gaisuwa, na duba littafi. Ƙanena Yuk-Tong ya nutse a teku shekarar da ya tafi. Mun binne allon azurfa mai sunansa a dutsen kakanni, yadda ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Da yake bai bar ɗa ba, dattawa suka ba shi ɗana na biyu ya gaje shi. Shi ke share kabarin, shi ke zaune a gidansa. Kabarin ya cika, littafi kuma ba a gyara shi sai bayan shekara sittin. Mamacin Chiu, a nemi 'yan Chiu. Evaristo kuwa, ba mu da harafin rubuta irin wannan suna.

Ka huta lafiya,
Lam Kai-Wing

Habana, 9 ga Yuni

Dattijo, ina gaisuwa.

Lallai ƙanenka mamaci ne mai zumunci. Ya nutse, amma duk sabuwar shekara yana rubuta maka wasiƙa, ni ke kai masa gidan waya. Benen nan mai hawa uku da ɗanka ke zaune a ciki, kifaye suka aiko da kuɗin gina shi?

Na bi shawararka, na je wurin 'yan Chiu. Sakatarensu ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce, "Wane? Wanda in ya sha yake hawa tebur yana ihu shi Lam ne jikan Lam? Tsoho, kai wa Lam kayansu."

Na karanta wa iyalin Yuk-Tong wasiƙarka. Evaristo ya ce, "Kawu Mak, ce masa ba na son gidan. Ko tubali ɗaya. In dangwala yatsa yake so, ga goma."

Uwarsa Nicolasa tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baƙar fatata ce ta dame shi, ko? To gaya masa ƙashin fari ne tas, ni na wanke."

Ranar da zai rasu, Yuk-Tong na numfashi da ƙyar ya riƙe hannuna ya ce kada in bar shi a ƙasar raken nan. Layi biyu, Dattijo. Na sako hoton yaron, ka duba goshin ka ce ba naku ba ne.

Mak Sau

Toisan, 28 ga Yuli

Mak Sau,

Kai ɗan kasuwa ne, in yi maka gwari-gwari. In ƙashi ya shigo, suna ya shigo. In suna ya shigo, ɗa ya shigo, yau ko bayan raina. Jikokina huɗu ne a gidan nan. Ga hoton na mayar, matata ta ce yana tsorata yara. Kada ka ƙara rubutowa.

Lam Kai-Wing

Habana, 30 ga Satumba

Dattijo, a gafarce ni, wannan ce ta ƙarshe.

Jirgi ya tashi. Evaristo ya saɓa ubansa a kafaɗa har bakin ruwa ko za a ji tausayi, ya dawo da shi a kafaɗa. Yanzu akwatin yana ƙarƙashin teburina, tsakanin buhunan tafarnuwa, ina tokare ƙafa da shi ina ciniki.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai, kai kuwa masanin al'ada ne. Ranar sharar kaburbura, in ɗanka ya durƙusa a dutsen nan, ya zuba giya, ya ajiye gasasshen alade yana kiran Baba, wa ke ci?

A gaida jikoki,
Mak Sau