Lemun Tsamin Inna Ya Bushe

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi?

Yaya, lemun tsamin da marigayiya Inna ta dasa a tsakar gida ya bushe, kuma ni ce sanadi. Ganyensa ya fara zama ruwan ɗorawa, sai na sayo takin ruwa a Kura. Mai shagon ya ce, "Murfi ɗaya a bokitin ruwa." Zumuɗi ya sa na juye rabin kwalbar. Kwana uku ganyen ya ƙone, ya zube.

Baba bai yi min faɗa ba. Ya dai ɗauke tabarmarsa daga gindin bishiyar, ya koma zaure. Kullum ina ban ruwa, ko toho babu.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, na kasa haɗa ido da Baba.

Ƙanwarki,
Rabi, Bunkure