Ban rufe maƙerar Baba ba

Yaya Salifu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Lome? Yaya jikin Hajiya da su yara? Mu nan Gaya lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ji saƙonka, wai tunda idona ya daina rarrabe jan da ƙarfe ke yi a wuta, in rufe maƙerar Baba in zo in tsare maka shago. Yaya, ba na zuwa. Ido ne ya raunana, hannuna na nan.

Tanderu na gina mai aiki da kuran, wato wutar lantarki. Tubalin da yumɓun bakin kogi na yi shi, na naɗa wayar tsohon risho a ciki. Ma'aunin zafin kuwa a kwalekwale ya ƙetaro, tunda sojoji sun rufe gadar kan iyaka. Lambobinsa manya ne, ina ganinsu sarai. Da wuƙa ta kai zafinta, in zaro in tsoma a mai.

Kawu Idi ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce, “Maƙeri ba zugazugi? Ka kunyata gidanmu.” Ranar kuma aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, wuƙaƙen suka lalace, ya yi dariya har da tari. Na sake ƙera wasu. Yanzu masuntan garin Tunuga layi suke yi don sayen wuƙaƙena.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a wuta ta zauna. Ga wuƙa nan na ba direba ya kawo maka. Ka yanka ragon Layya da ita, sannan ka sake ce mini in rufe.

Ƙaninka,
Hamidu